Neman kalma: me za mu kira "throw" a jirgin rimot?

Malam_Fasaha: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa yaran kulob ɗinmu saita ƙaramin jirgin rimot mai alkafura, samfurin Extra 300, kuma da Hausa nake so in raba masu takardar. Inda na maƙale shi ne "throw", wato gwargwadon yadda ɓangaren nan mai motsi na bayan fiffike ko na wutsiya yake ɗagawa ko sauka idan ka tura sandar rimot har ƙarshe. Da digiri ake aunawa, ko da milimita daga gefensa na baya. Akwai kuma "dual rate" da "expo". Jibi zan kai wa mai buga takarda, a taimaka.

Bakaniken_Kwangila: Wasa mana. Mu a gareji haka muke cewa, sitiyari ya yi wasa.

Injiniya_Binta: A'a Oga, wasa ai ciwo ne. Idan ƙarfen da ya haɗa sarbo, wato ɗan injin da ke motsa wutsiya, da ita wutsiyar yana da wasa, jirgi na ɗaukar gudu sai wurin ya kama karkarwa, yana iya ɓallewa a sama. Kada yaro ya ji an ce "ƙara wasa". Ni dai "zangon motsi" zan ce. Kun ga ta biyun ma, wato "dual rate", ta warware: ƙaramin zango da babban zango, maɓalli ɗaya ke sauya su. Ƙaramin na tashi mai tsabta ne, kamar na gasar alkafurar jiragen rimot da ake kira F3A, wutsiya ba ta cika wuce digiri 10 zuwa 15 ba. Babban yana kai 40 ko 45, na masu tsayar da jirgi a tsaye yana rataye da farfela. A lokacin iskar farfela kaɗai ke bugun wutsiyar, dole ta buɗe sosai kafin jirgin ya ji.

Dattijon_Nahawu: 'Yata, zango wurin yada kaya ne, ba ma'auni ba. Kalma biyu kuma bayani ne, ba suna ba. Tsuntsu kaɗa bindi yake yi. Saboda haka KAƊAU. Gajere, Bahaushe, ba aro.

Injiniya_Binta: Baba, ai ana cewa makami mai cin dogon zango.

Dattijon_Nahawu: 'Yan rediyo suka cusa mana wannan. Kaɗau.

Ummu_Sadik: Ranka ya daɗe, ɗafin -au mai aikin yake nunawa: mantau, gagarau. Kaɗau zai dace da shi kansa abin da ke kaɗawar, ba yawan kaɗawar ba. Kuma dama Malam bai da sunan wannan ɓangaren, dubi yadda ya yi ta zagaye a tambayarsa.

Dattijon_Nahawu: Ban ƙirƙiro ta don wannan ba. Sannan wa ya ce a rubuta "rimot" da "sarbo"? Ina akala, ina linzami? Harshen da ya raɗa wa jirgin sama suna da kansa ba zai gaza a kan wutsiyarsa ba.

Ɗan_Damagaram: To ga shi nan. Kullum ku zauna can Kano da Zariya ku yanke, mu sai dai mu ji a rediyo. Takardun da ke zuwa mana na Faransanci ne, "débattement" suke cewa. In aro za a yi, me ya sa sai na Ingilishi?

Bakaniken_Kwangila: Ɗan'uwa, faɗi kalmar nan sau uku da sauri mu ji.

Ɗan_Damagaram: Ku da kuke ce wa taya "taya" ba ku da bakin magana.

Malam_Fasaha: Jama'a don Allah. Saura "expo". Ba zan iya rubuta ta haka ba, ɗalibin Najeriya yana jin ekspo satar amsa zai tuna, ajin ya kaure da dariya.

Injiniya_Binta: "Laushin tsakiya". Ba ya rage zangon ko kaɗan, ƙarshen sanda na nan yadda yake. Kusa da tsakiya ne kawai jirgin ke amsawa a hankali, don ɗan rawar yatsa kada ta wuntsila shi. Malam ka duba rimot ɗinku: a rimot ƙirar Futaba lamba mai alamar ragi ce ke kawo laushin, a ƙirar Spektrum mai alamar ƙari. Wanda ya juya su, jirgin zai ƙara zafin kai ne. Kuma kafin a tashi kowane yaro ya tsaya bayan jirgi ya tura sanda dama, na fiffiken dama ya ɗaga sama, na hagu ya sauka. In akasin haka ya gani, kada ya saki.

Malam_Fasaha: Na gode ƙwarai. Na ɗauki zangon motsi, ƙarami da babba, da laushin tsakiya. Baba, zan sa kaɗau a kan ɓangaren mai motsi: kaɗan fiffike, kaɗan wutsiya.

Dattijon_Nahawu: Ka gani ko? Har ka mai da shi "kaɗan". Rubuta "kaɗau na fiffike". Zangon nan kuwa ban yarda da shi ba, amma tunda jibi ne, je ka buga.

Ummu_Sadik: Wutsiyar ai biyu ce, ta kwance mai ɗaga hanci da ta tsaye mai karkata shi. Duk kaɗau ɗin ne?

Ɗan_Damagaram: A bar mana ta tsayen, mu za mu raɗa mata.