Hasken eksire a bakin tantabara: me kuka gani?

Ɗalibar digiri na uku: Assalamu alaikum malamaina. An ba mu lokaci a na'urar sinkirotiron, wadda ke fitar da hasken eksire mai ƙarfi sosai, don mu haska siraran yanka na bakin tantabara, mu ga inda kowane sinadari ya kwanta. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku gaya mini abin da kuka tarar.

Mai kula da ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam 'yata. Ranar da taswirarmu ta fito a allo, kalsiyam ya zana ƙashin ciki tsaf, farar wuta kuma ta bi murfin waje na keratin (abin da ke yin ƙaho da farce), iyakarsu a fili ba tare da rini ba. Amma ki kiyayi ƙarfe. Wani samfuri da aka aiko mana ya nuna ɗigo-ɗigon ƙarfe a jere kan layi ɗaya, ashe sawun wuƙar yanka ce. Tun daga nan wuƙar lu'ulu'u ko ta gilashi muke sa wa, hantsaki kuma na roba.

Likitan dabbobi: Gaskiya ne Malam. Ni kuma na ga samfurin da aka jiƙa a ruwan EDTA, sinadarin da ke zuƙe kalsiyam, don ƙashin ya yi laushi. Ya yanku lafiya, sai dai kalsiyam ya tafi da ruwan. Daskararre ya fi riƙe kayansa.

Malamin jami'a: Abin da ya fi damuna shi ne fassarar hoton. Ƙungiyar masu bincike ta Fleissner a Jamus ta ce akwai jijiyoyi masu ƙarfe a wurare shida a bakin sama na tantabara, kuma da su take jin maganaɗisun duniya. An auna ƙarfen da sinkirotiron a Hambug, kuma yana nan. A 2012 ɗakin binciken David Keays a Biyana ta ƙasar Ostiriya ya nuna ba jijiyoyi ba ne, ƙwayoyin makrofaj ne, na garkuwar jiki, masu tara ƙarfe. Hasken yana nuna miki ƙarfe a 6.4 keV (ma'aunin ƙarfin hasken), ba ya faɗa miki wace ƙwaya ce ta riƙe shi. Shi ya sa ɗalibaina ba sa haska yanka sai sun rina na kusa da shi sun duba a madubin likita.

Ɗalibar digiri na uku: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, yankan da aka daskarar, kauri nawa kuke barin shi?