Me ya sa kwamfutocin bincike na farko suka cika da harsuna na musamman?

Ɗalibi daga Runjin Sambo:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ina karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai a tarihin harsunan shirya manhaja. An koya mana cewa FORTRAN ya fito daga kamfanin IBM a 1957 ƙarƙashin jagorancin John Backus, masana kimiyya kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma idan aka duba kwamfutocin cibiyoyin bincike na Amurka a shekarun da suka biyo baya, irin su MIT da RAND da Bell Labs, sai a tarar da harsuna birjik, kowane da aikinsa guda: LISP, COMIT, SNOBOL, GPSS, COGO da sauransu. Tun da akwai harshe gama-gari, me ya kai su ga wahalar ƙirƙiro waɗannan? Gasa ce tsakanin cibiyoyi, ko kuwa buƙata ce ta gaske?

Malamin lissafi daga Gawon Nama:

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Ka fara cire wa FORTRAN na wancan zamani rigar "gama-gari", domin bai cancance ta ba. An gina shi ne don lissafin lambobi, kuma a nan ba shi da na biyu. Sai dai dole mai rubutu ya faɗi girman kowane jerin lambobi tun kafin aiki ya fara, ƙaramin shiri ba ya iya kiran kansa, sarrafa haruffa da jimloli kuwa azaba ce.

Yanzu ka ɗauki mai binciken da yake son na'ura ta tabbatar da hujjar mantiƙi. Bai san tsawon hujjar ba sai ta ƙare, tana tsiro da rassa, wasu su mutu, wasu su haifi wasu. Wannan matsala ce ta sa Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon suka fito da IPL wajen 1956, inda ake ɗaure bayanai a sarƙa, kowane guntu yana nuna inda na gabansa yake. John McCarthy ya ɗora a kan wannan tunani a MIT ya samar da LISP a 1958, aka fara gudanar da shi a kan kwamfutar IBM 704. Kada ka manta da ƙanƙantar ma'adana, wato wurin da na'ura ke riƙe bayanai yayin aiki: manyan na'urorin IBM na wannan jeri suna ɗaukar kalma 32,768 ne, kowace mai bit 36, jimla ba ta kai kilobait 150 ba, wato hoto ɗaya mai kyau na wayarka ya fi ƙarfinta. Saboda wannan ƙunci LISP ya zo da dabarar da na'ura ke bin ma'adana da kanta tana kwashe guraben da aka daina amfani da su don a sake cika su, dabarar da harsunan Java da Python suke amfani da irinta har yau.

Ɓangaren rubutu ma haka ne. Victor Yngve ya tsara COMIT a MIT don binciken fassarar harsunan mutane ta na'ura, a 1962 kuma David Farber da Ralph Griswold da Ivan Polonsky suka fara SNOBOL a Bell Labs, wanda a layi ɗaya za ka ce masa ya nemo siffa kaza a cikin rubutu ya musanya ta da wata.

Tsohon safiyo daga Mabera:

Malam ya yi bayani gamsasshe, Allah ya ƙara ilimi, sai dai ya tsaya a kan na'ura, ni kuwa ina ganin babban dalilin yana wurin mutanen da ke amfani da ita. Ɗana, yawancinsu ba masu shirya manhaja ba ne. Injiniyoyi ne da masu awo da masana tattalin arziki, kowa da sana'arsa a ka, ba wanda ke da niyyar barin ta ya koma koyon wata.

Na fi sanin COGO, wanda Charles Miller ya jagoranci samar da shi a sashen injiniyan gine-gine na MIT a farkon shekarun 1960. Mai awon fili yana dawowa daga daji da littafinsa cike da nisa da kusurwa daga wannan dutsen iyaka zuwa wancan. A da sai ya zauna da teburin logaridam yana lissafi har dare, kuskure ɗaya a tsakiya ya rushe duk abin da ya biyo baya. COGO ya ba shi damar rubuta umarni yadda yake tunani a bakin aiki: ajiye wuri na ɗaya, nemo wuri na biyu a nisa kaza da kusurwa kaza, fitar da faɗin filin da wuraren nan suka kewaye. Babu ruwansa da yadda na'ura ta jera lambobi a cikinta. Douglas Ross ya yi wa masana'antu irin wannan hidima da APT a ƙarshen shekarun 1950, da kuɗin rundunar sojan saman Amurka, inda ake kwatanta siffar ƙarfen da ake so, manhaja ta lissafa hanyar da bakin injin yanka zai bi.

A lura kuma cewa a lokacin ana huda umarni ne a kan kati mai gurbi 80, a miƙa damin katunan ga ma'aikacin ɗakin kwamfuta, a jira sa'o'i kafin a karɓi takarda. Wanda harshensa ya taƙaita masa kati ɗari zuwa goma ya rage wuraren da kuskure zai ɓuya.

Injiniya daga Arkilla:

Baba, na yarda da kai, amma ina so ɗalibin nan ya san cewa abin bai zo kyauta ba. Da yawa daga cikin harsunan an ɗinka su ne daidai jikin na'ura ɗaya, ranar da cibiya ta sayi sabuwa sai a sake rubuta manhajar da ke fassara su, in ba a samu mai yi ba harshen ya bi tsohuwar na'ura. Ga kuma rarrabuwar kai, wanda ya ƙware a wannan bai iya karanta aikin maƙwabcinsa.

Duk da haka waɗanda suka rayu sun bar gado mai nauyi, musamman harsunan kwaikwayon yanayi. Geoffrey Gordon ya fitar da GPSS a IBM a 1961 don nazarin layi da jira. Da za a ba shi layin gidan mai a Sakkwato, abin da zai nema shi ne yawan zuwan motoci da babura, yawan famfuna, da mintunan da kowa ke ɗauka, sai ya nuna ko ƙarin famfo ɗaya zai rage jira. A Oslo ta ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suna kan irin wannan aiki suka ga ya fi sauƙi kowane abu da ake kwaikwaya ya riƙe bayanansa da ɗabi'unsa wuri guda. Daga nan Simula 67 ya fito da tsarin aji da abu, wanda Bjarne Stroustrup ya ɗauka ya gina harshen C++ a kansa. MUMPS kuwa, da aka fara a babban asibitin Massachusetts a 1966 don ajiye bayanan majiyyata, har gobe manyan asibitocin Amurka na aiki da zuriyarsa.

Ɗalibi daga Runjin Sambo:

Na gode ƙwarai, Malam da Baba da Hajiya. Ko akwai wanda zan iya taɓawa da hannuna a kwamfutar tafi-da-gidanka, ba tare da dogaro da intanet ba?

Malamin lissafi daga Gawon Nama:

Akwai. Nemi Maxima, wanda ya samo asali daga Macsyma da aka fara a MIT a 1968 don yin aljabra da alamomi maimakon lambobi. Kyauta ne, an rubuta shi da LISP, kuma da zarar ka sauke shi ba ya buƙatar data. Ka ba shi wani lissafin kalkulas daga darasinka na aji ɗaya, ka gwada amsarsa da taka, sannan ka rubuta shirin da zai yi aikin nan a harshen C ka ga layi nawa zai ci.