Abin da aka tattara daga ra'ayoyin mutane kan yadda za a yi da ragowar abinci da shara a Yamai

1. Nan babu gardama: tuwon da ya kwana ɗumame ne, in ya wuce haka a shanya shi ya zama ƙanzo, masu kiwo na saye.

2. Busasshen ganye, ɓawon albasa da kashin awaki a tara a rami, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya zama taki. Amma a tsince leda tukuna, ita ce masu lambu a unguwannin Gamkalle da Saga ke kuka da ita.

3. Tumatirin da ya yi laushi a kasuwar Katako, a yanka a shanya.

4. Kan abincin biki aka rabu. Wasu sun ce a ajiye wa almajirai. Wasu kuwa sun ce da zafin Afrilu shinkafar rana ba ta kai magariba, gara a raba ta nan take. Ni dai ina bayan masu cewa a raba.