Dan Allah ku ba ni shawara, hawan jinin ciki ne kuma an ce in bar magani

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ina wani ƙauye ne kusa da Ƙauran Namoda, cikin fari ne wata bakwai, sati 31 a katin awo. Sati biyu da suka wuce na tahi awo aka gwada jinina ya kai 150/100, aka sake gwadawa bayan na huta bai sauka ba, aka gwada fitsari aka ce akwai furotin ciki, ƙafafuna kam dama sun kumbura ko takalmi bai shiga. Suka ba ni Aldomet da nifedifin suka ce in riƙa dawowa duk sati. To yanzu jinin ya sauka 130/85 amma maganin yana kashe min jiki, barci nake yi kamar mi, ga jiri in na miƙe. Uwar mijina ta ce tunda ya sauka in aje ƙwayoyin hakanan in koma soɓorodo da tafarnuwa kar su taɓa yaron. Ni kuma abin da ya ɗaure min kai, jiya an sake gwada fitsarin furotin ɗin yana nan har ya ƙaru. In maganin na aiki mi ya sa bai tahi ba? In bari ko in ci gaba? Wallahi tsoro nake ji.

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki bari, dan girman Allah kar ki bari. Ni na yi wannan kuskuren a cikin 'yan biyuna, na ga jini ya sauka na aje magani kwana biyar, ban farka ba sai a gadon asibiti harshena duk a tattaune. Jijjiga ce ta kama ni da asuba. Allah ya yi da sauran kwana.

Anti nas, Gusau: Ɗiyata tambayarki mai kyau ce, bari in miki bayani a natse don ki samu abin gaya wa mutanen gida. Abin da ke damunki ba irin hawan jinin da muka sani na tsofaffi ba ne, shi wannan yana zuwa ne bayan ciki ya wuce sati 20, kuma tushensa mabiyiya ce. A farkon ciki ƙananan jijiyoyin jini na mahaifa ya kamata su buɗe su yi faɗi don jini ya riƙa kwarara ga mabiyiya sosai, to a wasu matan ba su buɗewa yadda ya kamata, sai mabiyiyar ta rasa isasshen jini, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa waɗanda ke lalata lallausan rufin da ke cikin jijiyoyin jini na jiki gaba ɗaya. Jijiyar da rufinta ya samu matsala tana tsukewa kuma tana yoyo. Tsukewar ita ce hawan jinin, yoyon shi ne kumburin da kike gani, a ƙoda kuma shi ne furotin da ke zuba cikin fitsari.

To nifedifin yana sassauta bangon jijiya ta saki, Aldomet kuma ta ƙwaƙwalwa yake bi ya rage umarnin tsukewar, shi ya sa yake kawo barci da kasala musamman a kwanakin farko. Duka biyun lambar suke saukarwa don kar jijiya ta fashe a kai ko mabiyiya ta rabu da mahaifa kafin lokaci, amma ba su gyara mabiyiyar ba, tana nan tana aikinta, shi ya sa furotin bai tafi ba. Ciwon ba ya fara warkewa sai an haihu mabiyiya ta fita. Kenan 130/85 ɗin nan maganin ne ya riƙe shi a nan, kina ajewa zai koma inda ya fito ko ya wuce. Kuma magunguna biyun nan an daɗe ana ba masu ciki su, hawan jinin da ba a riƙe ba shi ya fi cutar da yaron nesa ba kusa ba.

Jirin kuwa ki gaya wa likita, yana iya rage miki ko ya canza lokacin sha ko ya mayar da ke labetalol in ba ki da asma. Ke dai kar ki rage da kanki. Kuma tunda furotin ya ƙaru ki nemi a miki gwajin jini na ƙoda da hanta da sikanin a ga girman yaro da ruwansa.

Hajiya daga Talata Mafara: Ni maganar uwar mijin zan yi. Kar ki yi musu da ita, ba mugunta take nufi ba jikanta take ji. Ki sa maigidan ya ɗauke ta ku tahi awo tare ta ji daga bakin ma'aikata, mu tsofaffi in mun ji da kunnenmu mun fi yarda. Sannan ba ki zuwa goyon ciki gida ne? In kina da dangi cikin Gusau ki koma can tun yanzu, kin san halin da hanyoyinmu ke ciki, in abu ya taso cikin dare ba mai motar da zai yarda ya fito.

Maman Abba: Ni maƙwabciyata asfirin ƙarami aka ba ta kuma lafiya lau ta haihu, ko ki gwada shi?

Anti nas, Gusau: Maman Abba asfirin ɗin riga-kafi ne, ana fara shi ne tun wajen sati 12 ga wadda ake tsoron za ta samu ciwon, kamar wadda ta taɓa yi a cikin baya ko mai hawan jini dama ko mai ciwon suga, miligiram 75 zuwa 150 a rana. In ciwon ya riga ya kama ba ya warkar da shi. Ita mai tambaya a ciki na gaba in Allah ya kai mu za ta buƙace shi, har da kalsiyam, amma likita zai rubuta. Kuma tunda an zo nan, dan Allah kar mai ciki ta ari maganin hawan jinin miji ko na uwa, irin su lisinofril da losatan suna lalata ƙodar jariri a ciki. Haka su ibufurofen da dikulofenak na kemis, a bar su.

Ɗiyata ki riƙe waɗannan: ciwon kai mai tsanani da bai jin farasitamol, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama ko saman ciki, fuska da hannu su kumbura lokaci guda, zubar jini, yaro ya rage motsi, ko jini ya kai 160/110. Ko ɗaya kika gani ba jiran ranar awo, asibiti kai tsaye, babba mai ɗakin tiyata kamar asibitin tarayya na Gusau (FMC) ko asibitin Yariman Bakura. Akwai allurar maganiziyam salfet da ake yi don tare jijjiga, tana da zafi a ɗuwawu kuma za ki ji jiki ya ɗau ɗumi, kar ki ƙi ta. In komai ya lafa galibi ana kai ciki sati 37 a sa naƙuda, in ya tsananta ana ciro yaro kafin nan.

Maman 'yan biyu: Anti ki ƙara mata da maganar jego. Ni ba wanda ya gaya min jijjiga na iya zuwa bayan haihuwa ma.

Anti nas, Gusau: Gaskiya ne, kwanakin farko bayan haihuwa jini kan ƙara hawa, har sati shida ana sa ido. Ana yawan cire Aldomet bayan haihuwa a canza wani don yana iya kawo damuwa da ƙuncin rai ga mai jego. Kunun kanwa kuwa ki haƙura da shi, kanwa gishiri ce tana tara ruwa a jiki ta wahalar da zuciya, wankan ma ruwa mai ɗumi ya isa ba tafasasshe ba. Kuma ko kin warke ki riƙa gwada jini ko sau ɗaya a shekara, matan da suka yi wannan ciwon sun fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki in shekaru sun ja.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida duka, ya yi magana da Inna ta yarda za ta bi mu asibiti ranar Litinin, kuma yayata da ke Tudun Wada a Gusau ta ce in taho da kayana in zauna wurinta har in haihu. Na sha na daren nan yanzu. Anti tambaya ɗaya ta rage, abin awon jinin nan na gida mai batir da ake saidawa, in na saya sau nawa zan riƙa gwadawa a rana?

Anti nas, Gusau: Safe da yamma ya isa, ki zauna ki huta minti biyar tukuna, ki sayi na dantse ba na wuyan hannu ba, ki riƙa rubutawa a takarda ki tafi da ita awo. Ki kai na'urar ma su gwada ta da tasu. Allah ya sauke ki lafiya.