Kuɗin godiyar kaka: rufin gidan fasto, mashin, ko bashin albashi?

Magatakarda_Balanga:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ni ne magatakardan wata ƙaramar ikkilisiyar Baptis a ƙasar Balanga, ba nisa da Talasse. Masu baftisma ba mu kai 70 ba, kusan dukanmu manoma. Bayan godiyar kaka mun sayar da masara da wake da dawar da aka kawo, muka haɗa da baikon ranar, ya tashi naira miliyan 1 da dubu 400. Ba mu taɓa riƙe kuɗi haka ba, kuma tun ranar kwamiti bai sake zama lafiya ba.

Dikinoni biyu suna so a rufe gidan fasto. Ginin bulo ne, ɗaki uku da falo, ya kai linta, damina uku ke nan ruwa na dukansa. Zumuntar mata sun ce mashin, don Baba Fasto yana lura da rassa biyu a bayan dutse, kullum sai aro ko acaba. Ma'aji kuma ya tuna mana fasto yana binmu albashin wata huɗu, dubu 45 kowane wata. Yanzu yana ɗaki biyu na haya, mu ke biya. Mun tambaye shi, ya ce duk abin da ikkilisiya ta yanke. Saura Lahadi biyu taron membobi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mini abin da suka yi, da yadda ta ƙare.

Ɗan_Tumfure:
Shawarata, kada ku yarda a yi ginin laka. Ku zuba harsashi mai kyau, ku buga bulo a hankali.

Magini_Kumo:
Ɗan Tumfure, mutum ya ce bulo ne har linta, ka karanta mana.

Magatakarda, ɗaki uku da falo ka ƙiyasta bandir 7 zuwa 8 na kwano, ya danganta da yanayin rufin. Mai kauri dubu 68 na saya wa wani aiki kwanan nan. Sa katako, ƙusa, maganin gara, kuɗin kafinta, da motar da za ta kai kayan ƙauye. Za ka doshi miliyan 1 da dubu 100. Kuma ka sani, rufi ba shiga gida ba ne. Babu ƙofa, babu taga, babu daɓe, babu bayi. Bangon da ya sha damina uku ma sai an duba shi kafin a ɗora masa nauyi.

Ɗan_Tumfure:
Dubu 68? Ni dubu 49 na sayi bandir a Gombe.

Magini_Kumo:
Ka sayi wanda iskar farkon damina za ta kai wa maƙwabcinka kyauta.

Mama_Zumunta:
Ɗana magatakarda, ku saurari matan nan. Mu ne ke ganin ƙafar fasto idan ya dawo daga reshe. Namu mun saya masa Boxer, mata muka yi noman gyaɗa shekara biyu muka tara. Tun daga nan majinyaci bai kwana ba a kai shi asibiti ba. Daren da maciji ya sari wani yaro a gona, da mashin ɗin aka kai shi Kaltungo. Sabo yanzu miliyan 1 da dubu 250.

Kanikan_Bajoga:
Mama, a ina? Sabon Boxer ya haura miliyan 1 da rabi idan aka sa lamba da takardu. Ku nemi na hannu mai lafiya, dubu 650 ya isa.

Ɗan_Yelwa:
Ƙanena ya ɗauko nasa a Kano dubu 980 cikin kwali.

Kanikan_Bajoga:
Wace shekara? Kafin a cire tallafin mai a 2023 ko bayan?

Mai_Ganga:
Ku dai rubuta sunan ikkilisiya a tanki da babban baƙi. Namu ba a rubuta ba, ɗan fasto ya yi wata biyu yana acaba da shi kafin dikinoni su farga. Wanda ya tona asirin ma fasinja ne, Baba Dikin da kansa, an caje shi ɗari uku.

Rabaran_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, ku bar kwano da mashin tukuna. Magatakarda, ranar da kuka yi shelar godiyar kaka, kun ce kuɗin na wani aiki ne takamaimai, ko baiko ne kawai? Idan ba a keɓe shi ba, akwai kashi 20 cikin 100 na Kwanbenshan, wato babbar ƙungiyar Baptis ta ƙasa, da rabon Kwanfarans na yanki da na Asosiyeshan, haɗakar ikkilisiyoyin da ke kusa da juna. Da wannan haɗin gwiwa ake riƙe makarantun tauhidi irin su Ogbomosho da Kawo a Kaduna, da masu bishara a filin mishan. Fitar da wannan, sannan ka ƙirga abin da ya rage.

Na biyu, albashin wata huɗu ba ya cikin jerin zaɓi. Bashi ne. Dubu 180 na mutum ne yake cikin asusunku. Buɗe Yakubu 5:4 ka karanta wa kwamiti, kada ka ƙara komai a kai. Kuma da fasto ya ce "duk abin da kuka yanke", kunya ce. Ku aiki dattijuwa ɗaya ta zauna da Mama Fasto a madafa, za ku ji gaskiya.

'Yar_Fasto:
Na yi niyyar wucewa, amma na kasa. Baba Rabaran, ka yi haƙuri in na yi zafi.

Babana ya yi shekara 19 a ikkilisiya ɗaya a jihar Bauchi. Ba zan kama suna ba. Irin wannan zaman aka yi, sak. Ana binsu albashi, gini ya tsaya a linta. Baba ya miƙe a taron membobi ya ce ya yafe bashin, a sa a rufi. Aka yi tafi, aka yi guɗa, aka ce ga bawan Allah na gaske. Shekarar nan yayana ya bar makaranta zango guda saboda kuɗi. Baba da kansa yake ɗaukar bulo, Mama ke jan ruwa daga rijiya don magina. Mangwaro huɗu ya dasa a tsakar gidan.

Ya rasu cikin damina. Satin jana'iza, baƙi ba su gama watsewa ba, wani dikin ya zo da murya ƙasa-ƙasa ya ce a ba shi makullin mashin da takardu, wai don kada su ɓata. Ba mu cika wata uku ba kwamiti suka zo gaisuwa, suka yi addu'a mai tsawo, sannan suka ce an kira sabon fasto, yana da iyali, yana bukatar gida kafin Kirsimeti. Mama ta kwashe mu shida zuwa ɗaki ɗaya a gidan kawunmu. Da muka bi maganar fansho, sai muka tarar shekaru ana cirewa daga albashinsa, amma ma'ajin ikkilisiyar bai aika ba. Ya ce an ranta ne don siminti, za a mayar. Har yau ana mayarwa.

Don haka magatakarda, gidan nan da kuke cewa gidan fasto, gidanku ne. Mashin ma naku ne. Abin da ke nasa kaɗai shi ne dubu 180 ɗin, kuma shi ne kuke gardama a kai. Ku biya shi a hannu. In da saura, ku saya masa fili ko da ƙafa hamsin ne, da sunansa a takarda, ba sunan ikkilisiya ba.

Mama_Zumunta:
Wayyo 'yata. Allah ya ta'azantar da ku. Yaya Mama yanzu?

'Yar_Fasto:
Tana nan, Mama, tana sayar da ƙosai. Sujada ba ta fasa ba. Ni ce dai na daɗe ban iya zama a bencin gaba ba.

Dikin_Deba:
'Yata, abin da aka yi muku ba daidai ba ne, musamman na fansho. Amma ku riƙa jin ta bakin dikinoni ma. Sabon fasto a bishiya zai kwana? Mu mun bar wa matar marigayi gida shekara guda cur, muna biyan haya wa wanda ya gaje shi, har baiko ya kasa ɗauka. Da ba a gina gidan ba, ina za ku zauna shekarun nan?

'Yar_Fasto:
Baba Dikin, da an biya shi haƙƙinsa, da ya gina nasa.

Ɗan_Billiri:
Matsalarku ke nan 'yan Baptis, kowace ikkilisiya gwamnatin kanta. Mu a ECWA, majalisar ikkilisiyoyin gunduma, wato DCC, ke tura fasto, ita ke ɗauke shi. Akwai na sama da za a kai wa kuka.

Ɗalibi_Kawo:
Da girmamawa yaya, tambayar ta Baptis ce. A wurinmu ikkilisiya ke kiran fasto, taron membobi ke yanke magana. Modareta, wato shugaban Asosiyeshan, zai iya ba da shawara, ba zai ba da umarni ba. Kuma bisa Ayyukan Manzanni 6, an zaɓi mutum bakwai ne don hidimar rabon abinci ga gwauraye, ba don su zama shugabannin manzanni ba. Dikinoni su san iyakarsu.

Dikin_Deba:
Yaro, aji nawa kake? Gama karatu, ka riƙe ikkilisiya damina ɗaya da baikon dubu 6 a Lahadi, sai ka dawo ka koya mana iyaka.

Ɗan_Billiri:
Ni da aka ce ba ruwana, kakata 'yar Baptis ce.

Ɗan'uwa_A_Ingila:
Ni ban gane ba. Me ya hana fasto neman aiki? Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Biriskila. A nan fastoci da yawa suna aiki cikin mako. Ku sa kuɗin a jari, injin niƙa misali, ya riƙa kawo riba.

Mama_Zumunta:
Ɗana, fastonmu na ƙauye manomi ne tun kafin a haife ka. Da me kake tsammani yake ci wata huɗu ba albashi? Sai dai ranar da zai yi shuka a ce ga jana'iza, ranar noma a ce ga sulhun aure. Injin niƙa kuwa mun gwada. Wata biyar ya yi, aka rasa wanda ya ci kuɗin gas.

Mai_Ganga:
Ɗan'uwa na Ingila, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Turo fam 500 kawai, mu rufe gidan mu rufe zancen.

Magatakarda_Balanga:
Na gode iyayena. Baba Rabaran, ba mu keɓe kuɗin ba, baiko kawai aka ce. Na buga lissafi: in an fitar da na haɗin gwiwa da bashin albashi, abin da zai rage ba zai yi rufin Magini ba, ba zai sayi sabon mashin ba. Na hannu kaɗai zai iya. Maganar fili ban taɓa kawo ta a raina ba sai yau, kuma na san dikin ɗaya zai ce ana raba dukiyar Allah. Akwai kuma wata: matasa sun ce a ware dubu 200 don taron farkawa na Janairu, za su gayyato mai wa'azi daga birni. Har yanzu ban ji wanda ya ce ga abin da suka zaɓa a irin wannan hali ba, in ban da Mama.

Ma'aji_Kaltungo:
Tsaya nan. Dubu 200 na farkawa, alhali mai gida yana bin dubu 180? Wannan ciwon ne ke cina shekara da shekaru. Bara mun kawo baƙo kwana uku. Kuɗin mai zuwa da komawa, masauki a otal don ya ce ba ya kwana a gidan membobi, kaji, ruwan roba, man janareta, hayar lasifika, sannan ambulan. Da na haɗa, ya fi albashin fastonmu na wata biyar. Daren ƙarshe ya sa aka yi baiko na musamman, ya ce na shuka iri ne, ya tafi da shi a jakarsa. Fastonmu ne ya riƙe masa jakar har mota.

Ɗalibi_Kawo:
Amma Baba Ma'aji, rayuka nawa suka tuba? Ba a auna farkawa da naira.

Ma'aji_Kaltungo:
Mutum 14 suka fito gaba. Goma sha ɗaya membobinmu ne da suka fito bara waccan ma.

Shugaban_Matasa_Gombe:
Kullum matasa ne masu laifi. Ku dattawa kun san dalilin da ya sa muke neman baƙo? Yaranmu suna tsallakawa cocin da ke da kiɗa da wuta. In ba mu motsa ba, ƙungiyoyinmu na RA (samari) da Lidiya ('yan mata) za su zama tarihi. Kuma kuɗin farkawa ai mu ke yin kwadago a gonakin mutane mu tara rabi.

Rabaran_Mai_Ritaya:
Ɗana, ba wanda ya hana farkawa. A zamaninmu fastocin Asosiyeshan ke musaya: ni in je naka, kai ka zo nawa, a ba mutum tuwo da kuɗin mota. Ku tambayi Modareta, akwai masu baiwa kusa da ku.

Shugaban_Matasa_Gombe:
Baba, ranka ya daɗe, in muka buga hoton faston ƙauyen gaba a fosta, wa zai zo?

Mama_Zumunta:
Mu za mu zo, mu da muke zuwa kullum. Kuma tunda an taɓo maganar, a gaya mini wa ya yanke cewa zumuntar mata ce za ta ciyar da baƙon farkawa daga asusunta? Kaji tara muka yanka bara. Da muka kai takardar kuɗin ga kwamiti, aka ce mana hidima ce.

Ma'aji_Kaltungo:
Mama, tara? A takardar da ta zo hannuna goma sha biyu aka rubuta.

Mama_Zumunta:
Ba ikkilisiyarmu ɗaya da kai ba, Ma'aji. Je ka binciki naka matan.