Muhawarar zaure: duba waya a shingen bincike a arewacin Kamaru, tsaro ne ko fashi?

Ɗan Domayo: Jama'a, raina a ɓace yake. Tsakanin Marwa da Mora kilomita 60 ne, amma sai an tsaida mota, a karɓi kat, wato katin shaida, a ce buɗe waya. A shiga WhatsApp, a saurari saƙon murya, a nemi lambar Najeriya mai +234, a leƙa hotunan iyalinka, babu takardar alƙali. Wannan fashi ne da kaki.

Baba Mai Goro: Fashi? Yaro, gyara bakinka. Ɗan fashi raba ka yake da wayar. Waɗannan dubawa suke su miƙo maka abarka. Ka manta 22 da 25 ga Yulin 2015, da bama-bamai suka tashi a cikin Marwa?

Malama ta Kusiri: Baba, a yi haƙuri, ba kullum ake miƙowa ba. In aka riƙe ta sai an ga sefa, me sunan wannan?

Baba Mai Goro: Cin hanci. Fashi sai da makami.

Ɗan Domayo: To abin da ke rataye a kafaɗarsu tsintsiya ce?

Magatakarda: Ku bar kalmar, ku dubi doka. Dokar yaƙi da ta'addanci mai lamba 2014/028 ta 23 ga Disamban 2014 ta kai shari'un ta'addanci kotun soja. Tsarewar bincike ta yau da kullum awa 48 ce kafin a nemi ƙari. A wannan doka kwana 15 ne, ana sabuntawa, ba a faɗi sau nawa ba. Shi ya sa abin da ke cikin waya ba wasa ba ne. A 2016 kotun soja a Yawunde ta yanke wa samari uku shekara 10 kan saƙon barkwanci game da Boko Haram. Inda mutane ke faɗawa rami biyu ne: bidiyon da ya sauka da kansa daga zauren WhatsApp, da layin da aka yi wa rajista da kat ɗin wani. A kashe saukar kai tsaye, kuma kowa ya je ofishin kamfanin layi ya tabbatar sunan da ke kan lambarsa.

Baba Mai Goro: Ka ji ko? Ko Magatakarda bai ce fashi ba.

Malama ta Kusiri: Bai ce ba fashi ba ne kuma. Ahmed Abba, ɗan jaridar RFI Hausa, fa? A Marwa aka kama shi a Yulin 2015, sai Disamban 2017 ya fito.

Na Njamena: Ku gode Allah. A Cadi daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook ɗungurungum. Ku dai dubawa ake yi.

Ɗan Domayo: Kai wa ya gayyato ka? Tsallaka gadar Ngeli ta tsakanin Kusiri da Njamena ka koma gida.

Na Njamena: Gadar da kuke biyowa ku sayar mana da kaya? Sojojinmu ne suka shigo Fotokol a 2015 da wuta ta yi zafi.

Malama ta Kusiri: Mu da ke bakin gadar mun san wa ke cin arzikin wa.

Baba Mai Goro: Ni dai a janye fashi. 'Ya'yan mutane na kwana a Kolofata da Amshide don ku yi barci.

Ɗan Domayo: Ban janye ba, Baba. Kuma kowa ya san ɗan ƙanenka na cikin kaki.

Shugaban Zaure: To, ya isa. Abin da na fahimta: mafi yawa sun yarda kalmar fashi ta yi kauri, kuma binciken waya dole ne tunda iyaka na kusa. Malama ta kawo zancen ɗan jarida wanda bai shafi batun ba. Ɗan Domayo ya nemi gafarar Baba kafin Isha'i, in ba haka ba zan cire shi na kwana uku. Maganar Cadi a kai ta wani zauren.