Da na nutsu in saurari jikina sai ƙirjina ya ɗaure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 3 ke nan ina ganin wata ƙwararriya kan damuwa, mai bin hanyar Hakomi, wato hanyar magance damuwa ta lura da abin da jiki ke ji, wadda Ron Kurtz ya ƙirƙiro. Takan ce in rufe ido, in lura da abin da jikina ke ji, kada in kore shi. To da na yi shiru sai ƙirjina ya ɗaure, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf da gumi. A gabanta nakan daure, amma ni kaɗai ko minti 2 ba na kaiwa. Na gwada buɗe ido, abin bai sauya ba. Don Allah, wanda ya wuce wannan matakin, me ya taimake shi? In ci gaba ni kaɗai, ko in bari sai muna tare?